Shawarar lauya: An huda wa jaririna maƙogwaro ba da izinina ba

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Ka ce ɗanka mai wata 11 ya shaƙi gyaɗa, aka shiga da shi tiyata, aka fito da shi da bututu a wuya, alhali takardar ciro gyaɗa kawai ka sa wa hannu. Kana ganin wannan kaɗai ya isa ka ci shari'a. Da kamar wuya.

Kotu ba ta kama likita don aiki bai zo yadda aka so ba. Tambayarta ita ce: ya yi abin da ƙwararre a fanninsa zai yi a irin wannan hali? Hanyar numfashin jariri siririya ce, kumburin milimita 1 ya isa ya matse ta, ga jikinsa yana cin oksijin kusan ninki biyu na babba, gwargwadon nauyi. Gyaɗa kuwa kumbura take yi, ta farfashe a bakin hantsaki. In ta kuɓuce ta toshe maƙogwaro, mintuna kaɗan ne ƙwaƙwalwa ta taɓu. A nan, galibi, doka ta bar likita ya ceci rai ba sai ya fito neman izini ba.

In akwai sakaci, a takardar likitan sa barci zai fito, wadda ake cikawa kusan duk minti 5. An bar yaron yana numfashi da kansa, ko an kashe masa jiki da allura kafin a shirya? Na'urar auna oksijin tana maƙale a yatsansa? Likitan kunne, hanci da maƙogwaro yana tsaye da kayansa? An gaya maka tun farko ana iya kaiwa ga huda? Yawon da ka ce asibitin na yi maka da hankali kan ba ka fayil ɗin yaron bai dace ba ko kaɗan. Nemi kwafi a rubuce, ka riƙe shaidar karɓa.

Kada ka yi sanya. In asibitin gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati tana iya taƙaita maka lokacin shigar da ƙara zuwa wata 3, duk da akwai togaciya. Kana iya kai ƙorafi MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, da takardar rantsuwa, amma ladabtarwa suke yi, ba sa biyan diyya. A kotu kuma sai ka samo likitan da zai ba da shaida a kan ɗan'uwansa, ba ƙaramin aiki ba ne.

Da ni ne, sulhu zan fara nema: asibiti ya ɗauki kuɗin canza bututu da injin zuƙe majina, ya rubuta lokacin da za a duba yiwuwar cire bututun. Kada ka sa hannu a takardar yafiya sai lauyanka ya karanta.