Ekstenshin ya yi baƙi amma fiyus bai ƙone ba: a gyara ko a yar?

Tambaya: Oga, an kawo ekstenshin mai rami huɗu daga wani ɗakin ɗalibai a Samaru. Rami ɗaya ya yi baƙi, kuma sai an karkata filogi kafin wuta ta kawo. Na duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. In matse ƙarafunan ciki in mayar musu?

Amsa: Zare shi daga bango tukuna. Kashe makunninsa bai isa ba, domin wuta tana nan tsaye a bakin makunnin. In ka zare, kai hancinka bakin ramin. Idan ka ji ƙaurin roba, wani lokaci har da ƙarni kamar na kifi, to aikin gama ya gama a ciki.

Kwance bayansa ka duba. Kowane rami yana da leɓuna biyu na tagulla da ke damƙe ƙafar filogi. Na ramin da ke lafiya za ka gan su rawaya, a haɗe, suna da tsauri. Na wanda ya ƙone sun yi duhu, sun wangale, robar da ke riƙe da su ta kumbura ta yi ruwan toka, in ka sa farce sai ta marmashe. Abin da ya fi wangale su a nan garin shi ne cusa filogi mai ƙafa biyu zagayayyu a ramin da aka yi don ƙafa mai kusurwa, bayan an tura tsinke ko makulli a ramin sama an buɗe murfin. Da zarar leɓe ya saki, wuta sai ta matsu ta ɗan wuri ta wuce, wurin ya yi zafi. Zafin ya ƙara kashe tsaurin tagullar, ta ƙara saki, zafi ya ƙaru. Ƙurar hunturu ta Zariya kuma ta shiga ta kwanta a kai.

Ka yi lissafin da kanka. Idan mahaɗar ta lalace har turjiyarta ga wuta ta kai om 0.1 kacal, aka ja wuta mai yawan amfiya 10 ta cikinta, zafin wat 10 ne ke taruwa a wuri da bai fi ƙwayar wake ba. Wannan ya ishi roba narkewa. Shi kuwa fiyus ba zafi yake ji ba, yawan wutar da ke wucewa yake ji, kuma amfiya 10 ba ta dame shi ba. Shi ya sa ka same shi lafiya. Saboda haka kada ka matse leɓunan nan. Tagullar da ta sha wuta ba ta koma da tsaurinta. Za ta kama yau, ta saki cikin sati. Robar da ta zama gawayi kuma ita kanta wutar lantarki tana bi ta cikinta, musamman da damina in danshi ya shige ta.

Sai ka tambayi masu shi me suke jonawa. Wutarmu bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku masu kusurwa kuma iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000 ga ekstenshin ɗin gaba ɗaya. Ba kowane rami ke da nasa 3,000 ba, a nan mutane ke ruɗewa. Butar lantarki mai wat 2,000 da dutsen guga mai 1,200 sun riga sun haura. Fiyus ɗin amfiya 13 kuma ba ya yankewa a 14. Yana iya jure kusan 20 na tsawon mintuna, waya na dahuwa.

Wannan ma in wayar ta gaskiya ce. Yanke ɗan bakinta ka gani. Wadda kaurin jan ƙarfenta sukwaya milimita 0.75 ne amfiya 6 take ɗauka, mai 1.0 amfiya 10, sai mai 1.25 ko 1.5 ce ta dace da 13. Kada kaurin roba ya ruɗe ka, akwai waya mai kauri kamar yatsa, cikinta 'yan silili ne kamar gashi. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe kuma yana karyewa a ƙarƙashin sukuru. Ƙirga wayoyin ma. Biyu kawai? To babu atin, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, ramin sama ado ne.

Wanda ake gyarawa shi ne wanda cutarsa ke filogi ko ƙarshen waya, ramukansa kuwa tas. Yanke wayar kamar yatsa huɗu bayan inda ta lalace, har ka ga jan ƙarfe mai sheƙi. Sa sabon filogi, kana kallon cikinsa a buɗe: ruwan ƙasa ita ce layif, mai kawo wuta, tana tafiya dama wajen fiyus, shuɗiya nutural, hagu, mai kore da rawaya atin, sama. A tsofaffin wayoyi ja ce layif, baƙa nutural. Bar ta atin ta fi sauran tsawo, don in an fizgi waya ita ce ƙarshen ficewa. Murɗe silin, ka ɗaure sukuru tamau, kada sili ko ɗaya ya leƙo, maɗaurin filogi kuma ya kama babbar rigar waya. Idan tsakiyar waya ce ta goge, a rage tsawonta ko a sake ta ɗungurum. Haɗi da salatif ba ya fita daga shagon nan. Fiyus kuma da fiyus ake maye shi, ba da silin waya ko takardar taba ba.

Kafin ka ba shi wuta, sa mitar gwajin waya a kan om. Daga kowace ƙafar filogi zuwa raminta, bai kamata ya kai om 1 ba. Riƙa lanƙwasa wayar kana kallon mita. In lamba na tsalle, akwai karaya a ciki. Tsakanin layif da atin kada ta nuna akwai haɗuwa. Sannan jona dutsen guga na minti goma, ka zare ka taɓa ƙafafun filogin. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya riƙe su ba, da sauran aiki.

Wannan na hannunka dai ya tashi aiki. Datse wayarsa daga gindi, ka fasa jikin kafin ka yar, don kada 'yan jari bola su tsince shi ya koma ɗakin wani. Ka gaya wa ɗaliban su sayi mai waya uku 1.5 da fiyus a filoginsa, su bar shi ga caja, fanka da kwamfuta. Rishon lantarki da hita kuwa kai tsaye a soket ɗin bango, mai wayar 2.5, ɗaya bayan ɗaya.