Rostar ma'aikatan jinya: dare bakwai a jere ko a gutsura shi?

Tambaya: Ni ce ke rubuta rosta, wato jadawalin aiki, a ɗakin kwantar da mata na wani asibiti. Muna da nas 12, amma ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya ta tafi ƙaro karatu. Aikin safe 7 zuwa 2 ne, na rana 2 zuwa 9, na dare 9 zuwa 7. Kullum ina buƙatar mutum uku da safe, biyu da rana, biyu da dare. Mun gaji tsarin dare bakwai a jere sannan hutun mako guda, kuma duk wata sai an yi rigima da ni. Yaya zan gyara?

Amsa: Sista, sannu da ƙoƙari. Kafin ki ja layi a takarda, fara da lissafi. Mutum uku na awa 7, biyu na awa 7, biyu na awa 10, ya kama awa 55 a rana, wato 385 a mako. Ki raba wa mutum goma da ke ƙasa, kowa ta tashi da awa 38 da rabi. Kin ga ashe kuna gab da cika awa 40, babu rara. Zazzaɓi ya kwantar da mutum ɗaya kwana uku, komai ya wargaje. Wannan lissafin shi za ki kai wa na sama da ke a rubuce, domin rosta ba ta haifar ma'aikaci.

Sai ki fara cika gurbin dare, don nan ne nauyin yake. A mako huɗu akwai aikin dare 56, kowa zai same ta biyar ko shida. Ni a ganina, a gutsura su gida biyu: dare uku, hutun kwana biyu cikakku, sai sauran daga baya. Ki lura, ranar da mutum ta sauka da ƙarfe 7 na safe ba hutu ba ce, barci za ta rama.

Na san masu son dare bakwai suna da hujja. Hutun mako yana ba su damar zuwa garinsu ko halartar biki. Amma barcin rana ba ya kai na dare tsawo, balle a gidan da yara ke kai-komo, ga zafi, ga rashin wuta. Bashin barci taruwa yake yi. Wajen ƙarfe uku zuwa biyar na asuba zafin jiki kan sauka, hankali ya yi nauyi, kuma a daidai lokacin ne nas ke riƙe da sirinji tana ƙirga digon ruwan da aka ɗaura wa mara lafiya. A dare na shida, idonta zai iya karanta 5 a inda aka rubuta 0.5. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarinsa kan ragu kamar wanda ya ɗan sha barasa. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2007 da kuma 2019, ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji.

Juyin kuma ya riƙa tafiya gaba: safe, rana, dare, hutu. Agogon jikin ɗan Adam ya ɗan haura awa 24, shi ya sa jinkirta barci ya fi sauƙi a kan kwanciya da wuri. Akwai wani tarko a lokutanku: wadda ta tashi 9 na dare ta dawo 7 na safe, awa goma kacal ke tsakani, kuma a ciki za ta nemi abin hawa, ta yi girki, ta yi sallah. Dokar Tarayyar Turai ta ce kada hutu tsakanin aiki da aiki ya gaza awa 11. Ki haramta wannan haɗin kwata-kwata.

Rigima kuwa, mafi yawanta daga zargin son kai take tasowa. Ki buɗe littafi a teburin nas, a rubuta darare, Asabar da Lahadi, da ranakun Sallah da Kirsimeti da kowa ta yi, yadda duk mai ƙorafi za ta duba da idonta. Ki fitar da rosta akalla mako huɗu kafin a fara aiki da ita. Musanya ba laifi ba ce, amma a rubuce, da sa hannunki, kuma kada ta bar sababbin ma'aikata biyu su kaɗai da dare.

Akwai manhajoji irin OR-Tools na Google da ke warware irin wannan rabon, sai dai ga mutum goma Excel ya wadatar. Ki gwada sabon tsarin wata uku, ki riƙa rubuta yawan masu kiran ba su da lafiya da kurakuran magani, sannan ku zauna gaba ɗaya ku kwatanta da na da.