Zan iya haɗa na'urar loda manhaja a aisi da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, wata huɗu ke nan da fara koyon haɗa kayan lantarki don sha'awa. Hannuna ya ɗan faɗa da ayan da dalma, har na haɗa 'yan fitilu masu ƙyaftawa. Yanzu na sayi aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) biyu ƙirar ATmega328P, ina so in haɗa na'urar da zan riƙa loda musu manhaja daga laftof, da hannuna, ba saye ba. Na ga zane iri-iri, wani na kebul ɗin firinta, wani na USB, duk na rikice. Wanne zan bi, kuma me zan kiyaye kada in kashe aisin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Za ka iya, kuma ina so ka yi. Amma kada ka kunna ayan tukuna, akwai tarko a cikin zanen nan.

Aisin da ke hannunka ɗan gidan AVR ne, waɗanda aka ƙirƙira a ƙasar Nowe (Norway), kamfanin Atmel ya yi ta ƙerawa har Microchip ya saye shi a 2016. Abin da ya sa masu koyo ke son su shi ne waya shida kacal ake buƙata a yi magana da su. A mai ƙafa 28 irin naka, RESET ce ƙafa ta 1, wuta na shiga ta 7 da 20, GND, wato layin da wuta ke komawa, na kan 8 da 22, sai MOSI a 17, MISO a 18, SCK a 19. Na'urar lodawa tana danne RESET ƙasa don aisin ya tsaya ya saurara, ta riƙa buga masa kiɗa ta SCK, ta tura saƙo ta MOSI, ya mayar da amsa ta MISO. Duk zanen da ka gani, aikin nan yake yi.

Na kebul ɗin firinta, ajiye shi. A zamanin kwamfutocin tebur masu soket mai rami 25 ya yi aiki sosai, da 'yan resistoci kawai. Laftof ɗinka ba shi da wannan soket, kuma adaftar da ke mayar da USB zuwa na firinta ba ta barin kwamfuta ta juya kowace ƙafa yadda take so. Kuɗinka kawai za ka ɓata.

Na USB da ka gani, mai yiwuwa USBasp ne, wanda wani Bajamushe, Thomas Fischl, ya tsara ya sake shi kyauta. Zane ne mai kyau, shi nake so ka haɗa a ƙarshe. Tarkon shi ne a tsakiyarsa akwai wani aisin, ATmega8, kuma shi ma fanko ake sayar da shi. Kafin ya loda wa wani, sai an loda masa. Matasa da yawa sun gama jona komai tsaf, sun soka a kwamfuta, shiru, suka ɗauka hannunsu ne bai iya ba. Lamarin kamar na murhu ne a da: idan naka ya mutu, gidan maƙwabta ake zuwa a ɗebo garwashi.

Garwashinka Arduino Uno ne, wani ƙaramin allo haɗaɗɗe wanda aisinsa ke karɓar manhaja kai tsaye ta USB. Ba sai ka saya ba, aro na yini ɗaya wajen abokin karatu ya isa. A cikin misalan da ke zuwa da manhajar Arduino akwai ArduinoISP. Loda shi a kan Uno, sannan ka dasa aisinka a allon gwaji. Ƙafa ta 10 ta Uno ta tafi RESET ɗin aisin, 11 ta tafi MOSI, 12 MISO, 13 SCK, sai 5V da GND. Sa resista mai om 10,000 tsakanin RESET ɗin aisin da 5V, da ƙaramar kapasita 100nF dab da ƙafafun wutarsa. Sai abu ɗaya da ake yawan mantawa: kapasita 10µF tsakanin RESET da GND na shi kansa Uno, bayan ka gama loda masa ArduinoISP. In babu ita, da zarar kwamfuta ta buɗe layi sai Uno ya farfaɗo daga farko, ya ɗauka shi ake son lodawa.

Ranar farko kada ka loda komai. Tambayi aisin sunansa kawai. Manhajar avrdude ce ke wannan, da umarni kamar haka: avrdude -c stk500v1 -b 19200 -P COM3 -p m328p, ka sauya COM3 da lambar da kwamfutarka ta ba Uno. Lafiyayyen ATmega328P zai amsa da 1E 95 0F. Idan ka ga 1E 95 14, ɗan'uwansa marar P aka ba ka, yana aiki, sai ka rubuta m328 a madadin m328p a cikin umarnin. Idan sifiri ne zalla, koma kan wayoyinka da mita, ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa MOSI da MISO ne aka musanya, ko wayar jona ta tsinke daga ciki. Samun amsa mai lambobi uku irin 1E 95 0F shi ne shaidar duk wayoyi shida na daidai.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, batun fiyus. Ba irin na filogi ba ne mai ƙonewa. Wasu 'yan saituna ne a cikin aisin da ke faɗa masa inda zai samo bugun da yake tafiya a kai, da aikin wasu ƙafafunsa. Sabon aisi na da agogonsa na ciki mai 8MHz, an raba shi takwas, yana gudu a 1MHz, ba ya neman komai daga waje. Amma idan ka zaɓi Uno a manhajar Arduino ka danna Burn Bootloader, za a sauya fiyus ɗin ya koma jiran kiristal mai 16MHz, wato ɗan abin da ke ba aisi bugu daga waje. In babu kiristal a allonka, daga lokacin ya daina amsawa. Farkon koyona na zubar da aisi biyu a kan haka, har yau abin na yi mini ciwo, domin ƙalau suke. Maganin bai wuce ka sa kiristal tsakanin ƙafa ta 9 da ta 10 ba, kowace ƙafa da kapasita 22pF zuwa GND, sai ya dawo. Fiyus ɗin da ke kulle ƙofa da gaske su ne RSTDISBL da DWEN. Na farkon yana mayar da RESET ƙafa ta gama-gari, kuma ba ka da hanyar komawa sai da na'ura ta musamman mai tura bolt 12. Kada ka taɓa su. Ƙari a kan haka, a fiyus 0 na nufin an kunna, 1 na nufin an kashe, wannan juyin ya ruɗi ƙwararru ma. Karanta abin da ke ciki ka rubuta a takarda kafin ka sauya ko ɗaya. Ita manhaja kuwa, goge ka sake yadda ka ga dama, ma'ajiyar aisin na jure rubutu har sau 10,000.

Idan ka kai ga sa fitila ƙyaftawa ta wannan hanya, to lokacin USBasp ya yi. Kayansa: ATmega8, kiristal 12MHz, zena (dayod mai taƙaita bolt) biyu masu bolt 3.6, resista biyu masu om 68, ɗaya mai 2,200, da 'yan kapasitoci da fitilu. Zenar nan ba ado ba ce. Aisin na aiki da bolt 5, layukan saƙon USB kuwa 3.3 suke so, ita ke rage musu. Nemi ƙanana, marasa wuce rabin wat, manya kan dagula saƙon har kwamfuta ta ce ba ta gane abin da aka soka mata ba. Kada ka liƙa aisin kai tsaye da dalma, sa masa soket. Da Unon aro za ka loda masa manhajar Fischl, ka saita fiyus ɗinsa zuwa C9 a na sama, EF a na ƙasa, kiristal ɗin na jone. A Windows sai ka sa wa USBasp ɗin direba da wata manhaja mai suna Zadig.

Kada ka tsallake 'yar gadar rage gudu da ke cikin zanen. Ƙa'ida ita ce bugun SCK kada ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na gudun aisin da ake lodawa. Sabon aisi mai 1MHz na buƙatar ƙasa da 250kHz, USBasp kuwa a 375kHz yake tafiya in ba a jona gadar ba. Shi ya sa wani zai ce na'urarsa na karanta tsohon aisi amma ta ƙi sabo.

Tunda a Zariya kake, kula da hunturu. Iskar nan busasshiya na tara wuta a jiki, irin wadda ke tartsatsi idan ka cire rigar sanyi, kuma tana iya lalata ƙafar aisi ba tare da ka ga alama ba. Taɓa ƙarfen taga kafin ka ɗauke shi, ka bar na biyun a cikin ledarsa har sai na farko ya amsa maka 1E 95 0F.