Tsofaffin gilasan Nikon a kan kyamarar Z6

Malam, ka tambaya ko adaftar FTZ, wadda ke haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara, za ta sa gilasanka na da su riƙa kama fokas da kansu a kan Z6. Duba rubutun jikin kowanne tukuna. In ka ga AF-S ko AF-P, kwantar da hankalinka, motarsu, wato ɗan injin da ke murza fokas, na cikinsu, za su yi aiki lafiya lau.

Matsalar tana wajen masu AF-D. Juya gindin gilashin, za ka ga ɗan ƙarfe mai tsaga kamar kan sukuru. Motar da ke cikin tsohuwar kyamara ce ke murza shi, ita kuwa FTZ, tun fitowarta a 2018, ba ta da wannan motar. FTZ II, wadda ta biyo bayanta, ma haka take. Dole sai da hannu.

Ni dai ba zan kai AF-D ɗaukar biki ba, amarya ba ta jiran mai murza gilashi. Hoton situdiyo kuwa, ras yake fita.