Yaron da numfashinsa ke fito, kada askarka ta kusance shi

Wai ka tambaye ni, in an kawo maka yaro yana jan numfashi da wani ƙara siriri mai tsini, iyayen suka ce beli ne ya sauko ya toshe masa wuya, ta wane gefe za ka shigar da aska. Ta wane gefe! Duk zaman koyon wanzanci da ka yi kana riƙe mini zabira, kunnenka bai ɗauki komai ba ke nan? Babu gefe. Ka mayar da aska kube, ka tashi ka nemo musu abin hawa zuwa asibiti.

Zauna ka ji, tunda ka taɓo mini inda yake yi mini ciwo.

Beli yana can sama, kowa ya buɗe baki za a gan shi yana lilo. Ƙaran da kake faɗa kuwa daga ƙasa yake fitowa, daga maƙogwaro, inda hanyar iska ta tsuke. Askarka ba ta kai can, kuma ko ta kai ba abin da za ta gyara. Hanyar iskar ƙaramin yaro ba ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba, kumburi kaɗan ya isa ya cinye rabinta. Iska tana kutsawa ta wannan matsatsi, shi ne kake jin ta kamar ana busa usur. Ka kasa kunne da kyau: lokacin da yaron yake ja ciki ne ƙaran yake tashi. Na mai asma daban ne, shi daga ƙirji yake, kuma wajen fitar da numfashi ya fi fitowa. Wanda bai iya raba waɗannan biyun ba bai kai a bar masa rumfa ba.

Shekarar 2023, lokacin da mashaƙo, wanda likitoci ke kira diphtheria, ya addabi Kano, ka tuna yadda aka yi ta ɗaukar yara. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓullo, kuma duk Najeriya babu jihar da ta kai tamu yawan waɗanda suka kamu. A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya buga mini ƙofa bayan sallar isha'i. Ba baƙo ba ne. Ubansa ni nake yi masa aski har ya koma ga Allah, 'ya'yansa maza ni na yi musu kaciya, duk sunan da aka yi a gidan nan ni na aske jariri. Ya shigo da 'yarsa a kafaɗa, ba ta fi shekara huɗu ba. Tun yana zaure na ji ƙaran, gabana ya faɗi.

Na ce ya zaunar da ita a cinyarsa. Wuyanta ya kumbura ta gefe biyu har haɓa ta ɓace. Duk jan numfashi sai ramin da ke ƙasan maƙogwaro ya lotsa, tsakanin haƙarƙari ya shige ciki. Muryarta ta dushe, jikinta da zazzaɓi amma ba mai tsanani ba, abin da ke yaudarar iyaye ke nan. Ban danne mata harshe ba, bakinta dama a buɗe yake don neman iska, na haska tocila kawai. Ga wata fata fara-fara mai ruwan toka ta shimfiɗe a bayan wuya, ta rufe beli ɗin ma, ga wari. Na ce, Alhaji, wannan mashaƙo ne, ba aikina ba ne. A tafi Asibitin Murtala yanzu, can ake karɓar masu wannan ciwo.

Ya ce shi dai in cire beli, kakar yarinyar ta ce beli ne. Na ce fatar nan a manne take da nama, in aka kankare ta jini za ta yi, in kuma ɓallinta ya faɗa ƙasa ya toshe ɗan ragowar hanyar, a hannunmu za ta cika. Ya zaro kuɗi ya ajiye a kan tabarma. Na tura masa abinsa. Sai ya dube ni, yaron da na aske ranar sunansa, ya ce tsufa ne ya kama ni, hannuna ya fara rawa shi ya sa nake kame-kame. Na haɗiye. Na ce ko me zai kira ni ya kira, amma a tafi. Sai ya sauya baki, wai kuɗin da ke jikinsa ba za su isa asibiti ba, kaya sun riƙe masa jari. Na shiga ɗaki na ɗauko naira dubu 15 da na tara don buhun gero, na damƙa masa. Na fita da kaina bakin titi na tsayar da adaidaita sahu, na faɗa wa mai tuƙin inda zai kai su. Na ce in bi su, ya ce in huta, ya gode.

Ashe suna shan kwana ya ce a juya. Ya kai ta wurin wani yaro a wata unguwa, wanda bai gaji wanzanci ba, bai zauna gaban kowa ba, aska kawai ya saya a kasuwa ya rataya allo. Shi kuwa ya ga kuɗi. Aka danne yarinya mutum biyu, aka kwantar da ita rigingine tana fisge-fisge, ya zura ƙarfe. Ba ta ga asuba ba. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan na sani. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. A wurin zaman makoki mutumin nan ya riƙa gaya wa jama'a wai ni na ɓata musu lokaci, da na cire tun da farko da tana raye. Bai ambaci adaidaitar da na tsayar ba, bai ambaci kuɗina ba, kuma har gobe bai biya ni ba. Dangin nan kaf suka janye. Da sanyi ya shigo aka yi kaciyar yaransu, wani aka kira. Suna uku aka yi a layin, ina ji ana guɗa, ba wanda ya aiko mini ko goro. Gidan da ubana ya yi wa aiki kafin ni. In mun haɗu a masallaci sai ya kau da kai, shi ne ma mai fushi.

To ka ji. Mashaƙo dafi yake zubawa a jini, kuma dafin nan yana iya taɓa zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, ko da wuyan ya yi sauƙi. Maganin karya dafin a asibiti yake, kuma da wuri ake so a ba da shi. In hanya ta toshe gaba ɗaya, likitoci suna huda maƙogwaro ta gaba su sa bututu. Kana da wannan a zabira? 'Yan gidan ma sai an ba su magani, don ta tari da atishawa ake ɗauka. Kai kanka da ka leƙa bakin, ka je a duba ka.

Ba mashaƙo kaɗai ke kawo wannan ƙara ba. Akwai na lokacin sanyi, yaro ɗan wata shida zuwa shekara uku ya kwana biyu da mura, cikin dare ya tashi da busasshen tari mai amo da dusasshiyar murya. Akwai wanda zazzaɓi zai rufe yaro farat ɗaya, ya zauna ya miƙa wuya gaba, yawu yana dalala don ya kasa haɗiya. Wannan ko cokali ka sa ka danne masa harshe kana iya rufe shi nan take. Akwai yaron da yana wasa lafiya lau, gyaɗa ko ƙwandala ko dutsen ado ya sarƙe shi. In yana iya tari ka bar shi ya yi. In ya kasa tari ya kasa kuka, ka kifa shi a cinya kansa ƙasa, ka bubbuga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar. Jariri ne, ka juyo shi ka danna tsakiyar ƙirji sau biyar, ka maimaita. Kada ka zura yatsa kana lalube, ƙara tura abin za ka yi. Harbin zuma ko wata allura ma suna kumbura wuya cikin 'yan mintoci. Jaririn da aka haifa da ɗan ƙaran nan, yana shan nono yana ƙiba, yawanci laushin maƙogwaro ne kuma yakan bari kafin shekara biyu, amma likita ne zai faɗi haka, ba kai ba, ba kakarsa ba.

Kafin a isa asibiti, a bar yaro zaune a jikin uwarsa yadda ya fi jin daɗi. Kada a kwantar da shi, kada a sa shi kuka, kada a ɗura masa ruwa ko zuma ko jiƙo. In ka ga leɓe ya yi duhu, ko yaro ya yi laushi ƙaran yana raguwa, kada ka ce sauƙi ne ya samu. Ƙarfinsa ne ya ƙare.

Wasa aska da tafasa ƙarfe kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Ku yaran yanzu gaggawa ce ke cin ku. Kun kalli abu sau ɗaya a waya kun zama gwanaye, kuna jin kunyar ce wa mai kuɗi a'a. Mu sai da muka yi shekaru muna wanke ƙaho kafin a bar mu mu taɓa kan mutum.

Gobe akwai suna a bayan kasuwa, kai za ka yi askin. In ka gama, ka tambayi uwar katin rigakafi. Allurar da ke kare mashaƙo sau uku ake yi, a mako 6, mako 10 da mako 14 da haihuwa, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. In mijin ya haɗe rai ka ce ni na aiko ka.