Tiyon ruwa ya fashe a tsakar gida: kada ki bari a zuba siminti a kai

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah shi kiyaye gaba. Kin ce tiyon da ya taso daga kontar ruwa, wato mitar da ke ƙirga ruwan da aka sha, zuwa famfon tsakar gida ya fashe kusa da katanga, yara sun ɗaure shi da kaushu amma har yanzu ƙasa na jiƙewa, maigida kuma ya yi tafiya. Kina tambaya ko kamfanin ruwa za ki kira ko mai gyaran famfo, kuma ko zuba siminti a wurin ya isa. Na daɗe ina kula da gidajen haya na danginmu a unguwannin Bukoki da Lazare a Yamai, na tsaya a kan irin wannan aiki sau da dama, shi ya sa zan yi miki bayani da ɗan tsawo.

Kafin komai, ki rufe ruwan. A jikin kontar akwai makulli ta ɓangaren da ke shiga gida, shi za ki murɗa. In mai hannu ne, a juya hannun ya gitta tiyo. In mai ƙafa ne irin na famfo, a murɗa dama har ya tsaya. In ya daɗe ba a taɓa shi ba zai yi tauri, to a bi shi a hankali, kada yaro ya sa guduma, don in makullin ya karye an shiga wata wahalar da ta fi ta farko. Ki cika bido da tano tukuna, ki rufe, ki riƙa buɗewa sa'ad da ake bukata kaɗai. In kuna da injin tura ruwa, a kashe shi.

Maganar wanda za a kira, kontar ce iyaka. Daga babban tiyon titi zuwa kontar na kamfani ne, wato NDE, wadda ta karɓi aikin daga tsohon kamfanin ruwa SEEN a farkon 2024. In fashewar a can take, a sanar da su, kada kowa ya taɓa. Daga kontar zuwa cikin gida kuwa naku ne, kuma duk ɗigon da ya wuce ta kontar an rubuta shi a kanku, ko kun sha ko ƙasa ta sha. Naki na cikin gida ne, saboda haka mai gyaran famfo za ki nema, yau ba gobe ba. Kuɗin ruwa hawa-hawa ne: kubik na farko-farko da sauƙi, in shan wata ya haura sai kuɗin kowane kubik ya ƙaru. Kubik guda lita 1000 ne. Tiyon da ke zubar da lita guda a minti, wanda ido ma ba zai ga kamar wani abu ba ne, yana zubar da lita 1440 a kwana guda, sama da kubik 40 a wata. Da yawa ba su gane ba sai ranar da takardar ruwa ta iso.

Kaushun da yara suka ɗaura ba laifi, sun yi dabara. Amma na kwana guda ne. Siminti kuwa ba ya kama jikin roba, kuma ruwan da ke da ƙarfi zai nemi hanya ta ƙarƙashinsa. Abin da siminti ke yi shi ne ya ɓoye yoyon daga idonki, ruwa ya ci gaba da tafiya ƙarƙashin ƙasa zuwa gindin katanga. In katangar ta laka ce, gindinta zai jiƙe ya zaizaye, wata rana ta kwanta, kuma a gindin katanga yara ke wasa. In ta bulo ce, ƙasa za ta lotsa ta tsage. Na ga gidan da aka yi haka: da muka fasa simintin muka tarar da rami a ƙarƙashinsa wanda hannu ke shiga har kafaɗa, yashin duk ruwa ya kwashe. Sai da aka biya mai fasawa, aka biya mai gyara, aka kuma biya magini.

Idan mai gyara ya zo, ki sa babban yaro ya tsaya a kansa, ko ke ki leƙo. A tona wurin da faɗi, kamu uku ko huɗu kowane gefe, kuma in an kusa tiyo a ajiye diga a koma hannu, musamman in akwai wayar lantarki da aka binne ta nan. A zurfafa gefe guda don ruwan da ya rage ya taru can a kwashe. Sannan a yanke wurin da ya fashe gaba ɗaya, har a kai inda tiyon yake da lafiya, domin tsagar PVC, wato tiyon roba mai tauri, tsawon tiyo take bi, kuma sau da yawa ta fi abin da ido ke gani tsawo. Guntun da aka yanke shi za a riƙa a tafi da shi kasuwar Katako ko kantin unguwa, a gwada. Faɗin na gida yawanci milimita 20 ne, ko 25, ko 32, kuma ido na ruɗi. A ce wa mai kanti na matsin ruwa ake so, mai kauri. Akwai PVC marar kauri na zubar da ruwan wanka, ya fi arha, wasu na sa shi a layin famfo, ba ya jurewa.

Ga abin da nake so ki hana ko da mai gyara ya ce haka kowa ke yi. Za ki ga ya kunna takardar buhun siminti, ya kara bakin tiyo a wuta har ya yi laushi ya yi baƙi, ya cusa ɗayan a ciki. Yana yi ne don ya huta da sayen manshon, wato ɗan gajeren mahaɗin da ke haɗa bakin tiyo biyu. Wurin da wuta ta taɓa ya riga ya sirance ya ƙone, kuma nan ne zai sake fashewa. Manshon biyu da guntun tiyo ba su kai kuɗin ruwan da za a yi asara ba. A goge bakin da takardar yashi, a tsane shi sarai, a shafa kol, wato gam ɗin tiyo, ciki da waje, a tura a ɗan murɗa, a riƙe. Kol ba ya kama jiƙaƙƙen tiyo. Kuma kada a saki ruwa nan take don mai gyara na sauri ya karɓi kuɗinsa. A karanta lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ni dai in an haɗa da la'asar sai safe nake buɗewa.

Wannan duka in PVC ne mai ruwan toka. In baƙin tiyo ne mai lanƙwasa, wanda ake sayarwa a naɗe, kol ba ya kama shi ko kaɗan, rakor, wato mahaɗi na murɗawa, ake sa masa, kuma ana iya sakin ruwa da an ɗaure. In kore ne, PPR, da injin zafi ake haɗa shi, sai mai gyaran da ke da injin. In kuwa tsohon ƙarfe ne ya yi tsatsa ya huje, kada ki ɓata kuɗi a faci, sauran ma haka cikinsa yake, a canza layin.

Sai kuma ki tambayi dalilin fashewar, don in ba a gano shi ba za a sake tonawa kafin damana. Abin da na fi gani a Yamai shi ne rana. Tiyon PVC da aka bari a fili, ko iska da ruwan sama suka kwashe ƙasar da ke kansa, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 na gasa shi, launinsa ya koɗe, ya bushe, ƙafar yaro ma ta karya shi kamar karan dawa. Na biyu rashin zurfi: an binne shi taƙi guda a inda mota ko amalanke ke bi. Saiwar dogon yaro ma na bin danshi ta matse tiyo. Akwai kuma dawowar ruwa. Lokacin zafi ruwa kan ɗauke da rana a unguwanni da yawa ya dawo cikin dare, ya turo iskar da ta cika tiyo, ki ji famfo na tari yana girgiza. Wannan bugun ne ke ƙarasa wurin da dama ya yi rauni, shi ya sa galibi da asuba ake tashi a tarar da tsakar gida ta zama tafki. In ruwa ya ɗauke, rufe makullin kontar da buɗe shi a hankali bayan ya dawo na rage wannan.

Kada a mayar da ƙasa sai an gwada. A buɗe makulli kaɗan-kaɗan, famfo guda a buɗe don iska da laka su fita, sannan a rufe duk famfunan gida, har na makewayi. Ki durƙusa ki dubi fuskar kontar. Ban da lambobi, akwai ƴar ƙaramar tauraruwa ko allura a tsakiya. In tana tsaye cik, an gama. In tana motsi ko da a hankali ne, akwai sauran yoyo, ko a gyaran ko a wani wuri. Ki rubuta lambobin da dare, har da jajayen, ki duba da safe kafin kowa ya yi alwala. Bayan nan a shimfiɗa yashi mai laushi ƙarƙashin tiyo da samansa, ban da tsakuwa da fasassun bulo, zurfin ya kai kamu guda aƙalla. Inda mota ke bi a zura shi cikin wani tiyo babba. Wanda ya fito fili zuwa famfo a yi masa rumfar bulo ko a naɗe shi daga rana.

Ruwan farko kada a sha. Yayin da tiyo ke buɗe, ruwan ramin ya shiga ciki, kuma in fashewar kusa da masai ko ramin ruwan wanka take, abin ba na wasa ba ne ga yara ƙanana. A bar shi ya zuba har ya yi garau, na sha kuma a tafasa shi kwana ɗaya ko biyu. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida a janye shi ko a zuba masa yashi saboda sauro.

In gidan haya ne, ki ɗauki hoton wurin da na kontar kafin a tona, ki aika wa mai gidan, ku daidaita wanda zai biya tun kafin a sayo kaya. Ki duba launin tiyon ki gaya mini, da kuma ko katangar ta laka ce, sai in faɗa miki ainihin kayan da za ki aika a sayo.