Tambaya da Amsa: Digirin Dakta a Fannin Akufancha

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina son yin digirin dakta a akufancha, wato jinya da tsira allura irin ta ƙasar Sin. Ta ina zan fara? — Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A Sin, digirin farko na maganin gargajiya shekara 5 ne, na biyu 3, na dakta kuma akalla 3. Jami'ar Maganin Gargajiya ta Beijin, da aka kafa a 1956, tana karɓar baƙi, amma galibi sai kin nuna shaidar jarrabawar Sinanci ta HSK, don da Sinanci ake duba marasa lafiya. Ki fara da harshen tukuna.

Takardar jinyarki ba za ta kai ki dakta kai tsaye ba, sai kin bi ta digiri na biyu. A karatun za ki haddace gurabe 361 na jiki da ake tsira allura, da zurfin da allura ke shiga a kowanne. Nan ne haɗarin yake: a saman kafaɗa ko tsakanin haƙarƙari, in allura ta zarce, tana iya huda huhu, iska ta taru a ƙirji, numfashi ya gagara. Allura kuwa sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, don gudun yaɗa ciwon hanta.